Inuwar Baba a Ginshiƙai

Mu a ƙauyenmu ba ma ce wa tsohon ginin nan haikali. Ginshiƙai muke cewa. Yana can bisa dutse, tafiyar awa biyu a kan alfadari. Tun ina ƙarama nake hango shi daga bakin rijiya, bakwai a tsaye, sauran a kwance gunduwa-gunduwa kamar an yanka burodi. Ban taɓa hawa ba. Ni ko kasuwa sai dole, don idan mutane suka dube ni bakina yakan mutu. Aji uku na yi a makaranta, Mama ta rasu, na dawo gida ina kula da Baba, ina kaɗin ulun tumakinmu.

A bazarar nan mutanen Atina, babban birninmu, suka ce za a ta da ginshiƙi na takwas. Suka ɗauki Kawu Haralambo, babban maginin yankinmu, da ma'aikata shida. Sau biyu suna ɗora dutsen gindi, sau biyu ƙasa tana zamewa. A na biyun dutsen ya murƙushe wa Strati, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ƙafa. Aka yanka zakara a ramin da aka haƙa wa gindin, limamin coci ya hau ya yayyafa ruwa. Ramin bai daina zubewa ba.

Ranar wata Lahadi sai ga Kawu Haralambo a ƙofar gidanmu. Ba danginmu ba ne, kawu kawai muke ce masa. Rabonsa da gidan tun jana'izar Mama.

"Anesti, tsohon bunsuru, har yanzu kana nan?"

Baba ya yi tari, ya goge baki. "Ina nan. Sai na ci dafaffiyar alkamar makokinka sannan in tafi."

Suka yi dariya. Baba ya kwana biyu bai yi irin wannan dariyar ba. Tun lokacin sanyi tari ya kama shi, likitan gari ya saurari ƙirjinsa ya ce mini in riƙa ba shi duk abin da yake so. Kowa a ƙauye ya ji wannan maganar.

Kawu ya ce, "Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka ga ginshiƙin nan a tsaye. Gobe ka hau ka nuna mini yadda yake kafin girgizar ƙasa. Ga alfadarina. 'Yarka Garifalia ma ta zo, ta ga abin da kakanninta suka gina, ba kullum gindin murhu ba."

Na sunkuyar da kai. Ya ajiye wa Baba taba, abin da bai taɓa yi ba.

Da sassafe muka hau. Baba a kan alfadari, ni a ƙasa da kwandon burodi da cuku da zaitun, mazarina a hannu ina kaɗi ina tafiya. Da muka kai sama sai iska ta tsaya. Ban ji tsuntsu ba, ban ji ƙararrawar awaki ba. Ginshiƙan sun fi yadda nake zato girma, mutum uku ba za su rungume ɗaya ba. Ma'aikatan suka gaishe mu ba tare da sun dubi Baba ba. Wannan na lura da shi. Mutumin Atina mai kula da aikin ba ya nan, wai ya sauka birni sai jibi.

Ramin yana gefen yamma, baƙi, da gashin zakara a bakinsa. Sama da shi dutsen gindin yana rataye da sarƙa a jikin itace uku.

Baba kuwa ya koma yaro. Yana shafa duwatsu, yana cewa a nan ya fake wa ruwa, a can kerkeci ya ɗauke masa akuya.

Kawu ya matso kusa da ni. "'Yar nan, igiyar awona ta tsinke. Sam mini zarenki kaɗan."

Na warware masa da yawa daga mazari, ya tsinke da haƙori. Ban tambaye shi ba. Ni ba na tambayar manya.

"Anesti, hau matakalar nan. A'a, ta sama. Juya ka fuskanci rana. Yauwa. To daga nan ina ginshiƙin yake?"

Baba ya tsaya a miƙe, ya ɗaga sanda yana bayani. Inuwarsa ta kwanta a bayansa kan farin dutse, doguwa, siririya. Kawu ya durƙusa kamar mai ɗaure takalmi. Ya danne bakin zaren a diddigen Baba, ya ja shi a hankali har inda kan inuwar ya ƙare, ya tsinke. Ya naɗe shi a jikin wani ɗan tsinin marmara, ya cusa a aljihun kwat. Ma'aikatan duk sun juya baya.

 Kakata ta taɓa ba ni labarin injin niƙan da ke bakin rafi, da ya ƙi tsayuwa har sai da magina suka auna inuwar wani mai sayar da gishiri suka binne awon a ƙarƙashinsa. Injin yana nan har yau. Mai gishiri bai ga shekara ba. Kaka ta ce ginin da ya ƙi zakara, mutum yake nema, kuma magina sukan zaɓi baƙo ko wanda dama ya kusa tafiya, don su iya barci.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Maza shida, ga Baba yana murna. Abin da ya fito shi ne, "Abinci."

"Ji ta," in ji Kawu. "Ashe tana magana! Ku zo mu ci, sai rana ta karya mu sauke dutsen."

Muka zauna ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya gabas da ramin. Kawu ya rataye kwat ɗinsa a reshe. Shi ya riƙa yanka wa Baba cuku da wuƙarsa, yana zaɓa masa zaitun masu ƙiba.

"Ci, tsoho, ci."

"Yau me ya same ka, Haralambo? Ko kana neman auren 'yata ne?"

Aka yi dariya, amma gajera.

Rana ta take tsaka. Ɗaya bayan ɗaya suka kwanta, kowa ya rufe fuska da hula. Baba ya yi barci yana numfashi kamar ana jan zarto. Na jira har Kawu ya fara minshari, na tashi babu takalmi. Na zaro tsinin marmaran daga aljihun kwat ɗin. Na warware zaren Baba, na gwada shi da wanda ke mazarina, na tsinke wani daidai tsawonsa. Na Baba na tura cikin rigata, jikin fata.

Da farko na yi niyyar naɗa sabon zaren haka nan, babu inuwar kowa. Sai na dubi ramin. Idan ya gane an yaudare shi, zai sake zubewa. Wani zai sake rasa ƙafa, Kawu kuma zai sake zuwa gidanmu da taba.

Na fita rana, na shimfiɗa zaren, na tsaya a bakinsa. Inuwata ta taru a ƙafafuna kamar kyanwa, ko rabin zaren ba ta kai ba. Na tsaya ina jira ta yi tsawo. Zufa tana bin bayana. Ina ta tunanin idan na tafi wa zai dafa wa Baba shayin ganyen da ke tsiro a dutse, wa zai juya shi idan tarin ya sarƙe shi. Inuwar tana tafiya a hankali, ni kuma gajera ce.

Sai na ji motsi. Na tattara zaren da sauri, na durƙusa ina haɗa kwanuka.

Kawu ne ya tashi. Bai ɗauki kwat ba. Ya wuce ni ya je bakin ramin, ya kunna taba, ya tsaya ya ba ni baya. Mutum ne dogo. Rana ta riga ta karkata yamma, inuwarsa ta miƙo gabas, ta hau kan dutsen da nake durƙushe, kanta ya tsaya dab da gwiwata.

Ya daɗe a tsaye. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa, ban sani ba ko addu'a ce ko da ramin yake.

Na rarrafa kamar mai tsintar ɓawon burodi. Na ajiye bakin zaren a bayan takalminsa, na danne da tsakuwa, na ja da baya. Na ce a raina idan bai yi daidai ba, to ba shi ba ne, zan jira tawa. Zaren ya ƙare daidai inda hularsa ta ƙare. Ko ɗan yatsa bai ragu ba.

Na fizge shi, na naɗe a tsinin, na mayar aljihu. Lokacin da ya juyo ina goge wuƙa.

"Ku tashi, ragwaye! Dutsen nan ba zai sauke kansa ba."

Ya sa kwat, ya sauka ramin shi kaɗai. Na ga ya tona ƙasa da hannu, ya ajiye abin, ya rufe, ya yi alamar gicciye sau uku. Sarƙa ta yi kuka, dutsen ya sauka. Ya zauna daram. Ko tsakuwa ɗaya ba ta gangaro ba. Babu wanda ya yi shewa.

Baba ne kaɗai ya tafa. "Ka gani? Da ma ni kuke jira."

"Haka ne," in ji Kawu, bai dube shi ba.

A gida na saƙa zaren Baba cikin diddigen safarsa, don a diddige aka ɗauke shi. Ban faɗa masa ba. Ban faɗa wa limami ba.

Ginshiƙi na takwas ya tashi kafin a tsinke inabi. Yanzu daga bakin rijiya takwas nake gani, amma ba na ɗaga kai.

Kawu Haralambo ya mai da gidanmu wurin zuwa. Duk Lahadi bayan coci sai ya zo da taba, ko zuma, ko ƙafar rago. Yakan zauna yana kallon Baba, yana sauraron ƙirjinsa. Tarin bai tafi ba, amma bai ƙaru ba. Lokacin kaka Baba har gonar zaitun ya je da ƙafarsa. Kawu kuma wandonsa ya fara yi masa yawa. Matarsa ta ce abinci ba ya masa daɗi, likita bai ga komai ba.

Lahadin da ta wuce ya zauna a tsakar gidanmu cikin rana, kwat a rufe har wuya.

"Haralambo, kai da kake ɗaga duwatsu, yau cokali yake gagarar ka?" in ji Baba. "Na gaya maka ni zan ci alkamarka."

Kawu bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni. Idanunsa sun faɗa.

"'Yar nan, sanyi nake ji ko a rana. Zarenki yana da kauri. Ki saƙa mini riga mai dogon hannu." Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. "Zo ki auna ni."

Na dubi mazarin da ke cinyata. Ban dubi ƙasa inda yake tsaye ba.

Na ce, "Zauna, Kawu. Na riga na auna."

Baba yana ta fasa gyaɗar almond da dutse, bai ji ba. Kawu bai zauna ba. Ya tsaya yana kallona, sannan a hankali ya sa hannu cikin aljihun kwat ɗinsa, inda babu komai.