Lungun Alhaja Ramota

Ni ce sakatariyar kwamitin bin diddigi na majalisar ƙaramar hukumarmu, kuma aikina ba shi da wuyar faɗa: in zauna a gefen tebur, in rubuta abin da kansiloli suka ce, in ja bakina in yi shiru. Biyun farko ina yin su yadda ya kamata. Na ukun ne Allah bai hore mini ba.

Aikin kwamitin shi ne bin sawun ayyukan da aka bayar, a ga wanda aka yi da wanda aka watsar, a kira mai alhaki ya zo ya yi bayani. A farkon kowace shekara sukan zauna su zaɓi abubuwa uku da za su sa a gaba, don ba su da ƙafar bin fiye da haka. Abin da bai shiga ukun nan ba, sai dai ya jira baɗi, in da rai.

Shugabanmu Honorabul Nurudeen ne, ɗan kasuwar atamfa a Kantin Kwari. Kakansa jirgin ƙasa ne ya kawo shi daga kudu, ya sauka a tasha da akwati ɗaya, bai sake komawa ba. Shi Nurudeen a Fagge aka yanke cibiyarsa, kuma in yana zuba Hausa ni da aka haifa a gidan malamai sai in ji kamar baƙuwa ce. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko kai ka taka shi, shi zai fara ce maka yi haƙuri.

Bana cikin koke-koken da suka iso teburina akwai na wani lungu a Fagge. Wani ɗan kwangila ya zo zai yi magudanar ruwa, ya haƙe tsakiyar lungun tun daga bakin titi har ƙurya, sannan ya kwashe kayansa ya ɓace, ba a ɗora ko murfi ɗaya ba. Mutanen lungun suka jera katakai suna tsallakawa. Adaidaita sahu ba ya shiga, kai ko babur sai dai a ajiye shi a titi. A can ƙuryar lungun gidan su Nurudeen yake, kuma a ciki mahaifiyarsa Alhaja Ramota take zaune da hawan jini da gwiwoyin da suka daina ɗaukar ta.

Sauran labarin a bakin ƙanwarsa Adijat na ji shi, ranar da na je rumfarta sayen zani. Likita ya ce a riƙa kawo Alhaja duk wata. Sau ɗaya Nurudeen ya goya ta a bayansa ya bi da ita kan katakan. Mazan da ke zaune a bakin masallacin lungun suka miƙe gaba ɗaya suna sannu Alhaja, sannu Alhaja, yara suka biyo su a baya kamar an fito da amarya. Matar da ta yi zamaninta a kasuwa ana gaishe ta a durƙushe, da ta dawo gida sai ta rantse ba za a sake fita da ita haka ba. Tun daga ranar ba ta ga likita ba, ga ƙafafunta sun soma kumbura. Adijat tana auna mini yadi tana share hawaye da gefen mayafinta.

Saboda haka ranar zaman tsara aikin shekara na je da ƙarfina. Ɗakin taron kamar kullum, fanka tana juyawa ba iska, ruwan leda a tsakiyar tebur. Honorabul Augustine na Sabon Gari ya kawo maganar sharar da ake jibgewa a wajen mahaɗar Bata, kowa ya yarda. Aka karɓi batun ƙaramin asibitin da aka gina ba a buɗe ba. Saura gurbi ɗaya, abubuwa biyu suna neman sa: lungun nan, da katangar wata firamare da ta rushe a mazaɓar Malam Abdulmuminu, dattijon kwamitin, tsohon hedimasta wanda har yau in ya kalle ka sai ka duba ko rigarka a guge take.

Ina karanta sunan lungun, Nurudeen ya ɗaga hannu.

"Malama Nana Hafsat, a tsallake wannan. Ƙofar gidanmu ce. A sa katangar Malam."

Malam Abdulmuminu ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla da ɗa mai kara. Irinku sun yi ƙaranci."

Aka yi ta yaba masa, har da mai tafi. Ni kuwa na danna biro a takarda har ta huje. Allah ya taimake ni lokacin azahar ya yi kafin a rufe magana, aka ce a dawo mako mai zuwa a tabbatar.

Na tare Nurudeen a bakin matakala, na manta da duk wani girmamawa na ofis.

"Ranka ya daɗe, wannan kara ce ko rashin tausayi? Ƙafar mahaifiyarka fa kumbura take yi."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Ke kina ganin ban roƙe ta ba? Iya ce ta hana. Ta ce tun zuwan kakanmu garin nan ba a taɓa nuna gidanmu da yatsa ba. Ta ce in har aka ce ɗan Ramota ya hau kujera ya fara da ƙofar gidansu, ba ta yafe ba. To ki gaya mini, wanne zan ɗauka?"

Haushin da na zo da shi ya narke, tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar ɗaga muryar da na yi. Ga uwa ta kulle kanta a ɗaki don kada a gan ta a goye, ta kuma kulle bakin ɗanta don kada a ce ya yi son kai, su kuma dattawa suna ta sa albarka ba su san abin da suke sa wa albarkar ba.

Sakatariya ba ta da hurumin sa baki a zaɓen kwamiti, wannan na sani. Amma ban taɓa ganin dokar da ta hana a sanar da dattijo cewa akwai mara lafiya ba. Washegari na sami Malam Abdulmuminu na gaishe shi, na ce, "Baba, ko ka ji mahaifiyar shugaba ba ta da lafiya? Na ga kamar ba a je dubiya ba." Ko sunan lungu ban kama ba.

Ya ce, "Subhanallahi! Kuma yaron nan bai faɗa ba? Za ki raka ni bayan la'asar."

Motarsa ta tsaya a bakin titi. Ya fito da babbar rigarsa da sandarsa, ya tsaya yana kallon ramin, baƙin ruwa kwance a ciki, katakai suna lanƙwasa in an taka. Ya naɗe hannun riga ya hau. A tsakiya wani katako ya motsa, ya dafe bango, na ji ya yi salati a hankali. Gani ya kori ji, ban ƙara masa da ko kalma ba.

Mun sami Alhaja a kan kujera a tsakar gida, ƙafafunta a kan matashi, ɗaurin kallabinta tsaf kamar mai shirin fita biki. Ta sa Adijat ta shimfiɗa darduma, ta kawo lemo, aka gaisa har da tambayar jikoki.

"Alhaja, yaya jikin?"

"Da sauƙi, Malam. Tsufa ne kawai."

"Me likita ya ce?"

"Likita yana inda yake, ni ma ina inda nake."

Malam ya yi murmushi, ya dubi ƙafafunta, ya kawar da kai. "Ni da nake da ƙafa biyu da sanda, da ƙyar na iso. Gidaje nawa ne a lungun nan?"

"Suna da yawa. Akwai mai ciki a gidan da ke kallon namu, ita nake ji." Sai ta ankara da inda maganar ta nufa, ta ɗaga masa yatsa. "Malam, in Nurudeen ne ya turo ka, ka koma ka ce masa ban canza ba."

"Wallahi bai san na zo ba. Jiya ma a gabana ya ture maganar lungun nan, ni kuma na ce masa madalla." Ya girgiza kai. "Kin yi tarbiyya, Alhaja, har ta yi yawa."

Ta yi dariya har da tari, amma na ga daɗin maganar ya shige ta.

Ranar zama na biyu, kafin a buɗe da addu'a ma Malam ya gyara zama. Ana shafawa ya ce, "Shugaba, doka ta ce wanda magana ta shafi gidansa ya ba da wuri. Bismillah, ga ƙofa."

Nurudeen ya buɗe baki zai yi magana.

"Ɗana, da na riƙe makaranta ba a musu da ni. Fita ka sha iska."

Ya fita. Malam ya juyo ga sauran, ya ce ya janye batun katanga, iyayen yara sun kewaye wurin da langa-langa, zai iya kaiwa baɗi. Ya ba su labarin katakan, da mai cikin, da tsohuwar da ta daina ganin likita. Wani kansila ya ce ai mutane za su yi surutu, za a ce kwamiti ya yi wa shugabansa aiki. Augustine ya buga tebur, ya yi magana da Hausarsa ta Sabon Gari.

"Su yi surutu mana! In mamana ce a ciki, ni ba zan yi kunya ba, sai na yi ihu har gwamna ya ji. Ku ne kuke da wannan abu, mutum yana ciwo yana cewa lafiya lau."

Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, lungun ya shiga, kuma a sahun farko. Malam ya ƙara da cewa daga yau kafin a tsara aikin shekara, kowane kansila mazaɓar ɗan'uwansa zai je ya gano, shi zai kawo kokenta, tunda an gane ba kowa ne zai iya faɗin nasa ba. Na rubuta wannan da hannu mai kyau.

Sai dai shiga tsari ba shi ne gyara ba. Za a aika wa ɗan kwangila sammaci, a saurare shi, a kai rahoto gaban majalisa, kuma ƙafar Alhaja ba za ta jira duk wannan ba. Malam ya san haka. Da yamma muka sake hawa katakan mu uku, har da Nurudeen.

Alhaja tana jin labarin ta dubi ɗanta da ido ɗaya. "Kai ka sa baki?"

"Korar sa muka yi waje, Alhaja," in ji Malam. "Ga sakatariya, ta rubuta."

"Haka ne, Iya," na ce. "Yana tsaye a baranda kamar ɗalibin da ya makara."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce to alhamdu lillahi.

"Saura naki," in ji Malam. "Mun yi abin da ya dace ba tare da mun taɓa mutuncin gidanki ba. Gobe da hantsi za ki je asibiti."

Fuskarta ta canza. "A goye? Kowa yana kallo?"

"Ki bar mini wannan," in ji Malam.

Nurudeen ya durƙusa a gabanta ya dafa gwiwarta. Can ta ɗora hannu a kansa, ta ce Adijat ta fito mata da leshinta mai ruwan zuma, a goge.

Da hantsi na zo, don ba zan iya zaman ofis ba. Lungun cike yake kamar kullum, mai shayi, masu ɗinki, dattawan bakin masallaci. Na ga Malam ya riga ni, yana bi yana yi wa kowa magana ƙasa-ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, ya tara mata 'yan kallo.

Nurudeen ya fito daga zaure da ita a bayansa, ta sha leshi, ta ɓoye fuskarta a kafaɗarsa. Yana taka katakon farko, dattawan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka shige masallaci, ba lokacin salla ba. Mai shayi ya juya baya yana wanke kofunan da ya riga ya wanke. Masu ɗinki suka sunkuyar da kai a kan kekunansu. Wata mata ta janye yaranta cikin gida ta saki labule. Babu wanda ya ce sannu. Ba ka jin komai sai ƙarar katako da numfashin Nurudeen.

Sun kai tsakiyar lungun Alhaja ta ɗago kai a hankali. Ta duba dama, ta duba hagu, ba ido ko ɗaya a kanta. Ta gyara ɗaurin kallabinta da hannu ɗaya, ta miƙe wuyanta, ta ɗan bugi kafaɗar ɗanta.

"Yi a hankali, Nurudeen," ta ce. "Na daɗe ban ga unguwata ba."