Koren Zare a Hannun Kwat

Sabon daraktan gidan tarihin irin mutanen nan ne da ba sa iya wuce hoto a karkace ba su gyara shi ba. Sati biyu da kama aiki ya gano abin da idon kowa ya tsallake shekara arba'in: kwat ɗin Jagora ta yi wa Jagora kaɗan. An kawo mutum-mutumi daidai tsayin marigayin, aka saka masa ita, sai ga hannuwan sun tsaya can sama kamar kayan aro.

Ya aika aka kira tsohuwar telar da ke bayan gidan, wadda ta saba ɗinka musu labule. Kowa Inna yake ce mata.

"Inna, duba nan," in ji shi, yana juya bakin hannun kwat ɗin. "Wani ya kalmashe shi ciki, har da koren zare a baƙin yadi. Ko wane gwani ne wannan? Ki warware, ki goge, jibi 'yan makaranta za su zo."

Inna ta san gwanin, don ita ce.

Babu yaron da bai haddace labarin kwat ɗin nan ba. A cikinta aka harbi Jagora, mutumin da ya ƙwato wa ƙasa 'yanci, harsashi ya huda ta a ƙirji, amma washegari ya fito ya yi wa jama'a jawabi a tsaye. Haka yake a littafin aji huɗu. Abin da babu a littafin shi ne direbansa, wani gajeren mutum mai yawan dariya, mijin Inna. Ana gobe harbin ya shigo gida da kwat a kafaɗa, baki har kunne, wai maigida ya ba shi kyauta, ya kuma ce gobe shi za a tuƙa a kujerar baya. Da ya saka, hannuwan suka haɗiye masa yatsu. Ta yi dariya har cikinta na wata bakwai ya ƙulle, sannan ta zauna ta kalmashe masa, da koren zare domin baƙin ya ƙare. Aka dawo mata da shi washegari babu rai, babu kwat, aka ce hatsarin mota ne. Shi harsashin ya samu, ba Jagora ba. Ba shi da hoto ko ɗaya. Ɗinkin nan kaɗai ya rage a duniya da ke nuna tsawon hannunsa.

"Yallaɓai, a bar shi haka mana," ta ce. "Tsohon yadi ne, zai iya yagewa."

"In ba za ki iya ba, akwai masu iyawa a kasuwa."

Ta tuna yadda yaran telolin kasuwa ke jan reza. Ta ce za ta yi.

Da yamma 'yarta ta biyo ta shago. Malamar tarihi ce, a makarantar da Jagora ya gina, inda ita ma ta yi karatu kyauta. Wannan kam gaskiya ne, kuma shi ya fi ci wa Inna rai, domin mutumin ya yi abin kirki da yawa, ya hana ta ƙin sa hankali kwance. Tun malamar tana shekara ashirin uwar ta faɗa mata komai, daga nan ba su sake ta da maganar ba.

"Ajinki ne za su zo jibi?"

"Nawa ne, Inna."

"Za a cire ɗinkin babanki."

Malamar ta dafa keken ɗinki. "Inna, yara sittin ne. Rabinsu ba su yarda akwai babban da ya taɓa yin abu don wani ba. Mutumin nan kaɗai nake da shi da zan nuna musu. In na karɓe shi, me zan ba su?"

"Ki ba su ubanki."

"Wa zai yarda? Ko sunansa babu a takarda."

Inna ba ta yi fushi ba, baƙin ciki ne ya cika ta, don ta ga 'yar ba ƙarya take yi ba.

Da safe aka buɗe mata akwatin gilashi, aka ba ta tebur kusa da taga. Ba ta taɓa reza ba. Da bakin allura ta riƙa zaro zaren, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, tana ganin inda ta yi sauri da inda dariya ta karkatar mata da hannu. Zaren ya fito a lanƙwashe, ta naɗe shi a yatsa, ta ƙulle a bakin mayafi. Ta shimfiɗa tsumma mai laima, ta ɗora dutsen guga. Ba ta yi ha'inci ba, sau uku ta goge, darakta yana tsaye a kanta. Amma karin kalmasar shekara arba'in ya zauna daram, layi fari-fari ya zagaye kowane hannu.

"To, ba komai," in ji darakta. "Wa zai lura?"

Ranar da yaran suka zo, Inna tana gefe tana rataye labule. Malamar ta tsaya gaban gilashi ta ba da labarin yadda yake a littafi, kuma ta iya ba da shi, har surutu ya mutu. Yaran suka matso suna leƙen hudar harsashi. Wani ya ce in ya girma shi ma haka zai zama.

Sai wata yarinya mai tabarau ta ɗaga hannu. "Malama, wannan layin na hannun fa? Kamar an taɓa naɗe shi."

Inna ta saki labulen. Malamar ta dubi layin, ta ɗago ido ta dubi uwarta, har yaran suka fara juyowa su ga abin da take kallo. Inna ta damƙe ƙullin da ke bakin mayafinta, tana jira.

"Tsufa ne kawai," in ji malamar. "Ku zo mu ga takalmansa."