Allon Gwajin Ido

Shekara goma sha ɗaya Mutala yana rataye a ƙofar motar haya ta trotro, yana kiran fasinja daga Nima zuwa Adabraka har murya ta dushe. Burinsa ɗaya ne, ya bar ƙofa ya koma sitiyari. Tuƙi kam ya iya. Matsalar idonsa na hagu ce, wanda tun bara yake gani da shi kamar ta cikin hayaƙin mai suya, kuma ko matarsa Barikisu bai faɗa wa ba.

Direbobin tasha suka ce wannan ai ba komai ba ne. Suka rubuta masa haruffan allon gwajin ido layi-layi, ya haddace su tsaf kamar zai je musabaƙa. Ranar Juma'a ya raba koko da ƙosai sadaka, ya roƙi Allah Ya ba shi lasisi.

A wurin gwaji aka rufe masa idon dama, gogan naku ya zuba karatu tiryan-tiryan har layin ƙarshe. Ma'aikaciyar ta dubi allo, ta dube shi. Ashe tun watan jiya aka canza allon. 'Yan layi suka kwashe da dariya, ita kuwa ta miƙa masa takardar asibiti a maimakon ta tuƙi.

Kwana huɗu bai fita aiki ba. Kunya ta cika shi, ga wani haushi da yake tsoron furtawa: duk addu'ar nan, a ce wannan ce amsar?

“Baban Rashida, Allah bai yi barci ba,” in ji Barikisu. “Ka roƙe Shi da allon sata a aljihu, Ya ba ka pepar ganin likita. Tashi mu je hospital.”

Likita ya daɗe yana haska idanun kafin ya yi magana. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya kusa tafiya, kuma ciwon ya fara taɓa na dama a ɓoye.

“Zan makance ke nan?”

“Da ka ƙara shekara, da sai haƙuri. Yanzu dai mun tare shi. Ka riƙa ɗiga magani safe da yamma, na daman zai tsaya maka.”

Lasisi kam babu, likitan bai ɓoye masa ba. Mutala ya saurara ya ji ko zuciyarsa za ta yi zafi, sai ya ji ta yi sanyi ƙalau.

A hanyar gida ya riƙa karanta allunan shagunan unguwar Maamobi ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, har Barikisu ta zungure shi.

“Mutane na kallo fa.”

“Bar su su kalla,” in ji shi, yana share hawaye. “Alhamdu lillahi, ni ma ina kallonsu.”