Mujiyar Hasumiya da 'Yan Tsakin Tekla

Tun da sassafe zancen ya gama ƙauyen, wai mujiyar da ke hasumiyar coci ce ke ɗauke 'yan tsakin Tekla. Iya Pelagia ta ji shi a bakin rijiya, ta dire bokitinta.

"Wa ya gani da idonsa?"

"Sai an gani?" in ji Tekla, maƙwabciyarta. "Kowa ya san halin mujiya. Yau da yamma Malam Ignacy, malamin makaranta, zai kai yara su sauko da ita, a kafe ta da ƙusa a ƙofar makaranta. Ki shirya makoki, tunda 'yar'uwarki ce."

Pelagia ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da 'ya'yan masu kuɗi a birnin Krakow, kuma ba abin da ke tayar mata da rai kamar a ce kowa ya sani. Ga shi mujiyar nan tana da 'ya'ya. Kullum da magariba, tana zaune bakin taga da kyanwarta Burka a cinya, takan ga uwar ta fito nema.

Pelagia ta hau matakalar hasumiya tana tsine wa gwiwoyinta. A ƙarƙashin ƙararrawa ta sami abin da ta zo nema, dunƙule-dunƙulen gashi da ƙashi da mujiya ke amayarwa bayan ta ci. Ta ƙunshe su a bakin zanenta, ta nufi makaranta.

Ta tarar malamin yana nuna hoton bango da sanda: tsuntsaye masu amfani a dama, masu ɓarna a hagu. Mujiya ce kan gaba a hagu.

"Iya, nan aji ne, ba kasuwa ba."

"Shi ya sa na zo, yaro. Ku ba ni kwano da ruwan ɗumi."

Ta jiƙa dunƙulen, ta riƙa warware su da allurar saƙa. Yara suka kewaye ta suna kallo. Ƙananan ƙasusuwa suka fara jeruwa a kan tebur.

"Kan ɓera ne!" in ji wata yarinya. "Ga haƙoransa!"

"Ku nemo mini bakin tsako, ko guda," in ji Pelagia. Suka tona, suka tona, babu.

Kunnuwan Malam Ignacy suka yi ja. "Littafin hukuma ya ce mai ɓarna ce."

"Littafin ya taɓa hawa hasumiya?"

Yara suka tuntsire da dariya, nan take kuwa Pelagia ta gane ta yi wa mujiya mugun aiki. Malamin ya ɗauki kwanon ya watsar da abin da ke ciki ta taga.

"Kin zo ki zubar mini da mutunci gaban yara da ƙazantar tsuntsu? Fita, tsohuwar banza!"

Tekla, wadda ta biyo ta don kallo, ta tare ƙofa. "To gwanar ilimi, in ba ita ba ce, wa ya cinye mini tsaki? Iska?"

"Ban sani ba."

"Ashe akwai abin da ba ki sani ba!"

Da yamma aka yi abin da aka ce za a yi. Pelagia na tsaye a tsallaken hanya ta ji ƙarar guduma, ta ga fikafikan nan farare a shimfiɗe jikin ƙofa, yara suna maimaita darasi da ƙarfi. Ba wanda ya yi zancen 'ya'yan da aka bari a sama.

Ta koma gida ba ta kula kowa ba. Sanyi ya fara shiga, ta durƙusa ta jawo itace daga bayan murhu, inda Burka ke kwana. Hannunta ya taɓa wani abu mai laushi. Ta kawo fitila ta haska. Gashin tsaki ne rawaya, tuli guda, da 'yan ƙafafu sirara da suka bushe.

Burka ta yi miƙa, ta zo tana goga jikinta a ƙafar uwar ɗakinta.

Mujiya ba ta taɓa tsakin Tekla ba. Kyanwar Pelagia ce ta cinye su.