Tela a Ƙofar Dam

Tela ya daɗe yana yi wa matarsa alkawarin kai ta dam shan iska.

"Alkawarin tela," takan ce tana dariya, "gobensa ba ta ƙarewa."

Wata Asabar ya rufe shago, suka bar yara wajen yayarsa, ya ɗauke ta a babur. Hanyar duk ramuka, tun kafin su isa waya ta daina kama sabis.

Wurin ya burge ta, ta ce sai ta hau kwale-kwale. Tela ya tambayi mai kwale-kwalen rigunan da ke hana nutsewa. Mutumin ya nuna wani ɗaki da kwaɗo a ƙofarsa.

"Suna ciki. Makulli yana wajen manaja, shi kuwa yana gari."

Tela mai tsoron ruwa ne, sai ita ta hau, shi ya tsaya a gaɓa riƙe da takalmanta. Mutane sun yi wa jirgin yawa. A tsakiyar ruwa wani ya miƙe zai ɗauki hoto, jirgin ya karkata, ya kife.

Masunta ne suka yi ta ciro mutane. Ita ce ta ƙarshe, da sauran numfashinta, amma ba wanda ya san abin da ake yi wa wanda ya sha ruwa. Babu motar asibiti, babu hanyar kiran kowa. Aka kwantar da ita a bayan akori-kura. A hanya ta cika, kanta a kan cinyarsa.

Hukuma ta rufe wurin, aka ce za a yi bincike. Bayan damina aka sake buɗewa, an yi wa ƙofa sabon fenti.

Tun daga nan Tela ya koma tsayuwa a ƙofar, yana tare motoci.

"Malam, don Allah kada ka bar iyalinka su hau jirgin nan."

Wasu su ɗaga gilashi, wasu su ce Allah ya ba shi lafiya. Mai gadi ya kore shi har ya gaji. Keken ɗinkinsa ya yi tsatsa, masu kaya suka kwashe yadinsu.

Wata rana yayarsa ta biyo shi har can, ta same shi zaune a gindin katanga, ya rame.

"Taso mu tafi gida. Wanda ya tafi ya tafi."

"Yaya, yau ma sun cika jirgin. Na gani da idona."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta gyara mayafinta.

"Autarka ta daina tambayarka," ta ce.

Wata mota ta taho cike da yara, ya miƙe.