Takarda a Cikin Safa

Wata uku da komawar soja bariki, aka kafa kyamara a wani shago a Fagge, ana ɗaukar wasan talabijin na 'yan jarida masu farautar dillalan jabun magani a Sabon Gari. Gidiyon ya yi shekara goma sha biyar yana aikin jarida a mulkin soja, don haka shi aka ɗauko ya koya wa 'yan wasan sana'ar.

Elvis, mai fitowa a ɗan jarida, ya zaro littafinsa zai rubuta sunan dillalin. Gidiyon ya fizge littafin.

"Wa ya taɓa yin haka ya kwana a gidansa? 'Yar takarda ake yaga, a rubuta, a cusa a safa."

Ya sunkuya zai nuna masa, sai yatsunsa suka taɓa wata takarda a safarsa. Jerin cefane ne da matarsa ta ba shi da safe. Tsabar sabo, har jerin cefanen ma ya ɓoye.

Ya jima a sunkuye. Da ya ɗago, fuskarsa a murtuke, ya miƙa wa Elvis littafin.

"Zamanin ɓoyo ya wuce, buɗe shi a gaban dillalin," in ji Gidiyon. "Ka kuma tambaye shi yadda ake rubuta sunan nasa."