Aike a Kan Gada

Yeom Gi-cheol ya daɗe yana yi wa ƙungiyar gundumarsu gudun fanfalaki, gunduma kuma tana biyan shi albashi kamar kowane ma'aikaci. Bai taɓa zama zakaran ƙasa ba. Sau ɗaya ya zo na uku, hoton ranar yana nan rataye a shagon kifin surukarsa, duk ya koɗe. Yanzu ya doshi arba'in, gwiwarsa ta hagu kan gaya masa za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa.

Ana saura mako guda tseren kaka, wanda ake zagaya tafki, Koci Byeon ya kira shi tare da Tak Seung-bo, ɗayan mai gudun dogon zango na ƙungiyar. Bai yi kwana-kwana ba.

"Gunduma ta ce mutum ɗaya za ta riƙe baɗi. Wanda ya riga ɗan'uwansa shiga ranar Lahadi, shi ne. Ku daina kallona haka, ba ni na yanke ba."

Seung-bo ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Makarantar da Gi-cheol ya yi ita ya yi, sai dai ya zo baya da shekara goma sha biyu, kuma wanda ya riga ka shiga makaranta yayanka ne har kabari. Ba ya ɗaga tsinken cin abinci sai Gi-cheol ya ɗaga nasa. A sansanin horo shi ke wanke masa safa. Wajen atisaye kullum yana bayan kafaɗarsa, bai taɓa shiga gabansa ba. Gi-cheol bai ɗauki wannan wani abu ba, don shi ma haka ya yi wa na gabansa.

Matar Gi-cheol da ta ji labari cewa ta yi, "In sun sallame ka, akwai wuƙa da katako a shagon Inna. Kifi ba ya tambayar shekarun mutum."

"Ba su sallame ni ba tukuna," in ji shi.

Ranar Lahadi gari ya waye da sanyi, hazo kwance a kan tafki, ganyen itatuwan kan duwatsu duk ya yi ja. Aka tashi. Gi-cheol ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa. Ya san inda hawa ke yaudarar mutum, ya san kwanar da iska ke jira. Har aka wuce rabi yana cikin ayarin gaba, numfashinsa daidai, tsofaffin mata a bakin ƙauye suna kaɗa ganga suna ihu. Ya ce a ransa, to, da sauran tsoho.

Amma jiki magayi. Bayan kilomita talatin cinyoyinsa suka yi nauyi kamar an cika su da yashi. Ayarin gaba ya sulale ya bar shi. Wani ɗan ƙungiyar soja ya wuce shi, wani ɗan jami'a ya bi. Sai ya lura da takun da ke bayan kafaɗarsa. Taku ne mara nauyi, numfashin mai shi kuwa kamar wanda ya fito sayen taba. Seung-bo bai gaji ba ko kaɗan. Taka birki yake yi.

Gi-cheol ya ɗan yi kwaɗayi, ba zan ɓoye ba. In suka tafi a haka, shi zai riga shiga, aikin nasa ne, kuma ba wanda zai ce ya yi maguɗi. Albashin shekara guda ba abin wasa ba ne. Sai dai duk wanda ke da ido a bakin hanya zai gane, Koci Byeon ma zai gane, shi kansa kuma ya riga ya gane.

"Kai," ya ce, da ƙyar. "Wuce."

"Ina nan lafiya, Yaya."

"Ban tambaye ka lafiyarka ba. Na ce ka wuce."

"Ƙafata ce ke ɗan ciwo."

"Ƙaryar banza! Wace ƙafar?"

"Duka biyun, Yaya."

"Sakarai. Uwarka ta sayar da gonar barkono don ka zo ka yi gadin ƙeyata?"

Seung-bo dai bai wuce ba. Zagi ba sabon abu ba ne a wurinsa, da shi ya girma. Wasu mutum biyu suka sake shige su. Suna hawa doguwar gadar da ke shiga gari, Gi-cheol ya ga in ya biye wa taurin kan nan, su duka za su ƙare a bayan 'yan gudun sha'awa masu tumbi. Ƙane ba ya shiga gaban yaya, wannan haka yake. Amma ƙane ana aikensa, in an aike shi kuma ba ya tsayawa tambaya.

"Seung-bo."

"Na'am, Yaya."

"Rigar sanyina tana cikin jaka a tantinmu. Maza ka je ka ɗauko, ka tsaya da ita a bakin layin ƙarshe. In na iso jikina ya sha iska ban same ka ba, ka kuka da kanka."

"Yaya..."

"Ni kake mayar wa magana? Aikenka na yi!"

"To, Yaya!"

Ya fita kamar an saki kibiya. Gi-cheol ya bi bayansa da kallo, ya ga ya kama ɗan jami'ar, ya kama na sojan, har kwana ta ɓoye shi. Daga nan ya daina yi wa ƙafafunsa dole. Ya sassauta, ya ma samu damar kallon tafkin, abin da bai taɓa yi ba a duk shekarun da ya yi yana zagaya shi. Ashe akwai agwagi.

Da ya shiga filin wasa, Seung-bo na tsaye da rigar, ido jajir. Shi Seung-bo na biyar ya zo. Koci Byeon ya kalli Gi-cheol, ya kawar da kai, ya shiga gyaran hular da ba abin da ya same ta.

"Yaya, ka yafe mini," in ji Seung-bo.

"Rufe mini baki. Hannun rigar ma a juye ka kawo shi." Ya zura ta, ya zauna a ƙasa yana kwance igiyar takalmi. "Je ka yi wanka, mu je mu ci gasasshen nama. Ni zan biya, ni ne babba. Amma ka ci da hankali, ka san ba ni da aiki."